Kafin A Tayar Da Babur: Shawarwari Ga Magidantan Gangara Da Kewaye

A Gangara da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, gidan da ke da babur shi ake buga wa ƙofa idan naƙuda ta zo da gardama, ko yaro ya suma da zazzaɓi, ko ana son kai buhun gero kasuwa kafin farashi ya faɗi. Kwalta ta tsaya a manyan hanyoyi. Abin da ya rage burji ne da tsakuwa da yashi da turbar amalanke, kuma a kansu ake zumunci da fatauci da gaisuwar mutuwa. Ga abubuwan da ya kamata kowane gida ya riƙe, maigida da uwargida da samarin da ke karɓar makulli.

1. Ka nemi labarin hanya kafin ka nemi makulli.

Wannan ce ta farko, kuma ta fi sauran nauyi. Shekaru ke nan gabashin Sakkwato yana fama da 'yan bindiga, kuma ba su bar babba ba, ba su bar yaro ba. A watan Yulin 2024, a Kwanar Maharba, kan hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Agusta kuma aka samu labarin rasuwarsa a hannunsu. Idan haka ta faru a babbar hanya, to turbar da ta ratsa daji ba wurin gwaji ba ce.

Labarin jiya bai wadatar ba, na safiyar yau ake nema. Masu shi su ne 'yan kabu-kabun da suka riga suka shigo gari, da direbobin tasha, da mai unguwa, da ɗan'uwanka na ƙauyen da za ka. Ka kira shi, ka ji daga bakinsa cewa sun kwana lafiya kuma mutane na fitowa. Idan ka hau hanyar da ka saba gamuwa da jama'a, ka yi tafiya mai ɗan nisa ba ka gamu da babur ko jaki ko mai tafiya a ƙasa daga gaba ba, tsaya ka juya. Hanyar da ta yi tsit ranar kasuwa tana da dalili.

Sai kuma kame baki. Mutum biyu a gida su san inda za ka, ta inda za ka bi, da lokacin da ake sa ran dawowarka. Majalisa da teburin mai shayi ba su da bukatar sanin cewa gobe za ka kai kuɗin shanu Shinkafi.

2. Fita da hantsi, ka shigo kafin la'asar sakaliya.

Kada ka zama na farko a hanya da asuba, kada ka zama na ƙarshe da almuru. Ka lissafa tafiyarka har da rarar awa guda saboda faci ko mutuwar fulogi. Idan rana ta yi maka nisa a garin mutane, kwana can, ka buga waya gida. Wayar ma a cika ta da caji tun dare. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, mutane da yawa suka koma neman sabis ɗin Nijar. Wanda ke yawan bin bakin iyaka, layi biyu sun fi masa ɗaya.

3. Sayi babur daidai da hanyar ƙofar gidanka.

Roba-roba tana da daɗin hawa, ba ta shan mai sosai, dattijo ma yana iya sarrafa ta. Amma cikinta a ƙasa yake, tayarta siririya ce, robobin jikinta kuma gargada na tsattsaga su. Ƙananan babura irin Vespa, masu ƙafa inci 10 ko 12, sun fi ta wahala a burji, domin ƙaramar ƙafa faɗawa take cikin ramin da babba za ta haye. Babura irin Boxer da Honda da TVS, masu ƙafa inci 17 ko 18 da kuloci a hannu, su ne na lodi da yashi. Idan zirga-zirgarka daga gida zuwa gona ce, ko cikin garin Sabon Birni, roba-roba ta isa. Idan buhu za ka riƙa ɗorawa kana ratsa fadama, ƙara haƙuri ka tara kuɗin babba. Ka kuma zaɓi wanda makanikin garinku ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwar kusa.

4. Minti biyar kowace safiya.

Matsa tayoyi da hannu, ka duba ko ƙaya ta kwana a ciki, domin ƙayar aduwa da ta bagaruwa sukan shiga su yi shiru, sai an yi nisa iska ta fita. Taɓa sarƙa a tsakiyarta: ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Idan ta yi sako-sako za ta fice a gargada, idan ta ɗaure tamau za ta cinye haƙoranta. Gwada birkin gaba da na baya. Zaro ma'aunin baƙin mai babur yana tsaye daidai. Bi notukan kai da na ƙafafu da na kariya da sifana sau ɗaya a mako, domin burji kwance noti yake a hankali ba tare da ka sani ba.

A ƙarƙashin kujera ko cikin 'yar jaka a ɗaure: fulogi sabo da sifanarsa, filaya, sukundireba, famfo, faci da sholisho, tocila, igiyar roba, da gorar ruwa. Wanda bai iya faci ba ya zauna wurin mai faci yini ɗaya ya koya.

5. Ƙura ce ke kashe inji a ƙasarmu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo ƙura, a bazara kuma burjin kansa gari yake zama. Duk abin da ya wuce matatar iska yana shiga inji ya riƙa goge shi daga ciki. Idan matatar ta soso ce, a cire ta duk mako ko biyu, a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a bari ta bushe, a shafa mata ɗan baƙin mai a mayar. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta toshe a sake. Wasu kan cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Wannan ganganci ne, kuma ƙarshensa sauke inji.

Baƙin mai a irin wannan hanya kada ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba a juye ba. Lita guda ce, kuma ta fi zoben fistin arha nesa ba kusa ba. Sarƙa kuma a wanke ta kafin a sa mata mai, domin mai a kan yashi ƙara cin ƙarfe yake.

6. Kowace ƙasa da irin tuƙinta.

A kan tsakuwa, taya ba ta kama ƙasa kamar a kwalta. Ka bi sawun da babura suka riga suka share, ka guji tudun tsakuwar da ke taruwa a tsakiya da gefe. Rage gudu tun kafin kwana, babur yana miƙe, sa'annan ka shiga kwanar ba birki. Yawancin faɗuwar da ake yi a burji daga damƙe birkin gaba ne a tsakiyar kwana ko cikin firgita. Taka na baya a hankali, ka taimaka da na gaba da yatsa biyu, ka sauko da giya ta riƙe maka.

A gargada, sassauta hannu, ka matse tanki da gwiwa, ka bar kan babur ya ɗan yi rawarsa. Wanda ya ƙanƙame kai shi ke gajiya da wuri, shi ne kuma babur ke kayarwa.

Yashi ya fi su duka neman natsuwa, ga shi kuwa da yawa a mashigan rafi da turbobin da suka nufi iyakar Nijar. Shiga da giya ta biyu, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ka ja jikinka baya don ƙafar gaba ta yi sauƙi, idonka a can inda yashin ya ƙare. Da ka saki totur a tsakiya, ƙafar gaba za ta nutse ta karkace. Idan yashin mai zurfi ne kuma da goyo, a sauka a taka, babu abin kunya a ciki. Rage iskar taya kaɗan yana taimakawa a yashi, amma da lodi a baya ko duwatsu a gaba zai sa bakin ƙarfe ya tsinke tiyub, don haka a mayar da iska da an fita.

Idan mota ta wuce ta tayar da ƙura, dakata har ta lafa. Cikin wannan ƙurar ake karo da amalanke da raƙumi da babur mai zuwa. Kusa da garke kuma a rage gudu a bar hon, domin saniyar da ta firgita ba ta san gefe ba.

7. Damina tana da dokokinta.

Ruwan da ke cika Gulbin Rima ba a kanmu kaɗai yake sauka ba. Kogunan Bunsuru da Gagare daga wajen Katsina da Zamfara suke ɗauko shi, Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar, ya dawo ya zuba a Rima. Shi ya sa mashigin da ka haye da safe ƙafa a bushe kan iya kai ƙugu da yamma, alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba. A watan Agusta musamman, kada ka shiga ruwan da ba ka ga wani ya fita daga cikinsa ba. Sauka ka auna da sanda. In ya kai bakin salansa, ko yana gudu har yana jan ƙafarka, haƙura.

Idan babur ya mutu a cikin ruwa, kada ka buga shi. Tura shi waje, cire fulogi, ka yi ta bugawa har ruwan ya fita, ka zubar da man da ke cikin kabireta, ka matse matatar iska. Idan baƙin mai ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, sai an juye shi kafin a yi nisa. Bayan kowane ruwa, birki yakan yi sanyi, sai ka riƙa taka shi kaɗan-kaɗan kana tafiya har ya bushe.

Wurin fito, idan ka ga an cika jirgi da mutane da buhuna sa'annan ana neman ɗora babura a kai, jira sahu na gaba. Gefen kwalbati kuma ruwa kan cinye ƙasarsa ta ƙarƙashi ya bar sama kamar lafiya lau, don haka bi tsakiya. Ga kuma gero da dawa da kan rufe kwana idan sun yi tsawo, ba ka ganin mai zuwa sai kun haɗu.

8. Lodi da goyo.

Buhu ya zauna a kan kujera kusa da bayanka, kada ya rataya a ƙarshen kariya, in ba haka ba ƙafar gaba za ta yi ta ɗagawa. A ɗaure shi ta fuska biyu, a sake jan igiyar bayan an ɗan yi tafiya. Buhu biyu da mutum a sama, sawu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya don tsimin mai, kuma abin da aka tsimanta bai kai kuɗin ɗori ba.

Uwargida, wannan taki ce. Kafin babur ya motsa, tattara hijabi da bakin zani ki danne su a ƙarƙashinki. Ƙafar baya da sarƙa suna fizgar tufa cikin ƙiftawar ido, kuma hijabin da aka fizga wuya yake shaƙewa. Ki lura da ƙafar yaron da ke gefen salansa, da kan jaririn da ke bayanki idan za a bi ƙarƙashin itace. Maigida kuma kada ya cire murfin sarƙa don ado. Yaro ƙarami ba a ɗora shi a kan tanki a hanyar gargada.

Mai ciki idan watanta ya kama, kuma gidan na nesa da asibiti, gara ta koma wurin dangi a Sabon Birni ko Isa tun da sauran kwanaki. Naƙuda a bayan babur, cikin dare, a hanyar da ba a bi bayan magariba, abu ne da shiri ke iya kawar da shi.

9. Hular kwano.

An fara tilasta sa ta a Nijeriya ranar 1 ga Janairun 2009, amma har yau a karkara da wuya ka ga mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hula mai kyau, da aka ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Na san zafin watan Afrilu, na kuma san ana yi wa mai ita kallon baƙo. Duk da haka, mutumin da asibitin da ke iya aikin ƙwaƙwalwa yake masa nisa har Sakkwato ya fi ɗan birni bukatarta. A haɗa da tabarau saboda ƙura da ƙwari, da takalmi mai rufe yatsu a madadin silifa.

10. Mai.

Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita sai an yi mata lissafi. Mafi yawan man ƙauye a kwalba ake sayensa wurin 'yan bumburutu. Ɗaga kwalbar ka duba gindinta, ruwa da datti a can suke kwanciya, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta wurin zubawa. Kada ka fita da man zuwa kawai da niyyar saye a can. A gida, jarkar fetur ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutane, ba ta zama kusa da murhu, ba a kuma zuba mai a hasken aci-bal-bal ko kusa da mai shan taba.

11. Takardu, da yadda ake isa shingen bincike.

Rasit ɗin saye, takardun lamba, da katin shaidar ɗan ƙasa su kasance a leda a jikinka. A rubuta lambar inji da ta gangar jiki a littafi a ajiye a gida. Babur na hannu, mai arhar da ta wuce hankali, ba rasit ba shaidu, bar shi inda ka gan shi, domin baburan da aka ƙwace suna yawo, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi zai yi bayani.

Dokoki kan sauya da yanayin tsaro. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Saboda haka a riƙa tambayar abin da ke aiki a yanzu game da lokacin hawa da yawan goyo da ɗaukar mai, a wannan gefe da kuma gefen Gidan Rumji da Maraɗi.

Tun da babur shi ne abin hawan 'yan bindiga, jami'in da ke shinge a tsorace yake kallon duk mai tahowa. Rage gudu tun daga nesa, sauke rawani ko takunkumi daga fuskarka, hannayenka a kan babur, in an ce sauka ka tura, sauka. Tafiya tare da babur biyu ko uku tana da amfani saboda lalacewa. Ayari mai yawa, fuska a rufe, ana gudu a cikin daji, yana iya sa a ɗauke ku a matsayin waɗanda ba ku ba ne.

12. Idan an faɗi.

Kashe inji, rufe mai. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi a zaunar. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Gurjewa a wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu har tsakuwar ta fita, a je a yi allurar rigakafin sandarewar jiki. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi na kamar minti 20, ba man goge baki, ba baƙin mai, ba ƙasa. Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido kwana guda: amai, yawan barci, ruɗewa, ko jini ta kunne ko hanci, duk asibiti suke nufi nan take.

Maɗoranmu sun taimaki jama'a da yawa, amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce. Idan kuma an yi ɗori sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sauya launi, a sassauta a tafi asibiti a ranar, domin ɗauri mai tsanani ya jawo wa yara da dama yanke hannu.

13. Samari da yawon ganin ƙasa.

Ƙasar Gobir ta cancanci a zaga ta. Kufan Alkalawa, birnin su Bawa Jangwarzo da ya faɗi a 1808, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, Tsibiri kuma tana ƙetaren iyaka kusa da Maraɗi, ga fadamun Rima lokacin da albasa da shinkafa suka yi kore. Abin takaici ne a ce yaro ya girma a Gangara bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Wanda zai je, ya je da rani, da rana tsaka, tare da ɗan garin da ya san turba, bayan an tambayi masu gari. Turbar da ba ka san inda ta ɓulle ba, ko ta yi kama da yanke, a wannan zamani ba a binta.

Maigida, kai ke da makulli. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, kada a aike shi da babur ko da bayan gari ne. Wanda ya isa, kai shi fili ka koya masa birki a kan tsakuwa da shiga yashi kafin ka sake shi a hanya. In ka ga alamar yana shan tiramadol ko wata ƙwaya wai don kada ya gaji, karɓe makullin a ranar, ka riƙe shi har sai ka tabbatar ya daina.